Fashin Baƙi: Kwanciya Lokacin Tiyatar Ninkin Fatar Ido da Bayanta

A watan jiya aka yi wa gwaggona da ke zaune a Nima aikin fatar ido a wani asibiti a nan Ankara, babban birnin Ghana, saboda shekaru sun sa fatar saman idanunta ta saki har tana tare mata gani idan ta buɗe Alƙur'ani. A cikin takardar sallamar da aka ba ta, umarni ɗaya ne ya tayar mata da hankali, wato ta riƙa kwana rigingine, kanta a ɗage, har mako biyu. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, shekara sittin ina kwana a kan damata kamar yadda aka koya mana tun a makarantar allo, yanzu kuma a ce in miƙe ina kallon rufi?" 'Yar ta shiga intanet neman hujjar da za ta lallashe ta da ita, sai ta tarar kusan duk bayanin da ke fitowa ya shafi aikin da ake yi wa mutanen Koriya, Sin da Japan ne domin sama musu ninki a fatar ido. Ta kira ni ta ce, "Yaya, anya wannan ya shafi Hajiya kuwa?"

Ya shafe ta ƙwarai, domin wurin da wuƙa ke bi kusan ɗaya ne, kuma jini da ruwan jiki ba su san ƙabila ba. Abin da ya sa bayanin ya fi yawa a wancan ɓangaren shi ne, a can ana auna nasarar aikin da milimita, saboda haka likitocinsu suka zurfafa tunani a kan duk abin da zai iya karkatar da layin da suka zana, har da yadda mutum ke ajiye kansa da dare.

Akwai wata siririyar tsoka a bayan fatar ido ta sama wadda aikinta ɗaga fatar idan mutum ya buɗe ido. A wurin mafi yawanmu, wasu zarurruka daga ƙarshen wannan tsoka suna ratsowa su kama fata, don haka duk lokacin da tsokar ta ja sai fatar ta lanƙwashe a wuri guda, kamar karin guga a jikin riga. Kusan rabin mutanen gabashin Asiya ba su da wannan kari, ko kuma yana ƙasa sosai har ba a ganinsa, saboda kitsen da ke gaban tsokar yakan sauko ƙasa ya shiga tsakaninta da fata. Tiyatar tana ƙirƙiro wannan haɗin ne da hannu, ta liƙa fata da tsokar ko da ɗan farantin nama mai tauri da ke ƙarƙashinta, yawanci a tsayin milimita 6 zuwa 8 daga gashin ido. Wani likita ɗan Japan mai suna Mikamo ne ya fara wallafa bayaninta a 1896, kuma da ɗinki kawai ya yi ta. A shekarun 1950 wani likitan sojan Amurka, Ralph Millard, ya yi ta a Koriya bayan yaƙi, abin da ya sa har yau wasu ke ɗaukar aikin a matsayin kwaikwayon Turawa, ko da yake da yawa daga masu yinsa suna cewa kamannin 'yan'uwansu da aka haifa da ninkin suke nema. Wannan muhawara tasu ce, ba ita ta tara mu ba.

Hanyoyin aikin uku ne. Akwai ta ɗinki zalla, inda ake huda ƙananan ƙofofi a binne zare a ciki ya riƙe fatar. Akwai ta ɗan gajeren yanka. Akwai kuma ta cikakken yanka, inda ake tsaga fatar daga wannan kusurwa zuwa waccan, a rage fata ko kitse, sannan a ɗinke. Wannan ta ƙarshen ita ce 'yar'uwar aikin da aka yi wa gwaggona, kuma ita ce ta fi kumburi da daɗewa kafin ta lafa. Ta ɗinki zalla ta fi saurin warkewa, amma ƙarfinta duka a kan ƙullin zare yake, shi ya sa ta fi tsoron murza da gogayya.

Maganar kwanciya tana farawa ne tun kafin a taɓa wuƙa. Likitan da ya san aikinsa yakan auna ya kuma duba layin yayin da mutum yake zaune tsaye da bayansa, yana kallon gaba, goshinsa a sake. Dalili kuwa, da zarar mutum ya kwanta rigingine, nauyin goshi da gira sai ya koma baya, kitsen da ke gurbin ido ya nutse ciki, fatar da ta yi yawa ta baje ta zama kamar daidai take. Wanda ya yi awo a kan fuskar da ke kwance kaɗai, ya auna wata fuska ce dabam da wadda mai ita zai fita da ita kasuwa. Kuskure a nan yana da tsada, domin idan aka bar fata da yawa za a iya komawa a rage, amma idan aka yanke fiye da kima har ido ya kasa rufuwa, gyaran yana da wahala.

A kan gadon tiyata mutum yana rigingine, an kafa kansa a cikin wani ɗan matashi mai rami don kada ya karkata, haɓa da hanci suna kan layi ɗaya, ta yadda likita zai ga idanun biyu daidai wa daida. Sau da yawa akan ɗan jirkita gadon, wajen kai ya fi wajen ƙafa tudu, domin jini ya riƙa gangarowa daga fuska, wurin aiki ya rage zubar jini. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, galibi ba a sa mutum barci mai nauyi. Ana yin allurar kashe zafi ce a fatar, wadda aka gauraya da sinadarin adirenalin mai tsuke ƙananan jijiyoyin jini, wani lokaci a ƙara ɗan abin da zai kwantar da hankali. Ana so mutum ya kasance a farke saboda likita zai yi ta cewa ya buɗe ido, ya rufe, ya kalli sama, kuma da yawa sukan tayar da shi zaune a tsakiyar aikin su duba ko ninkin biyu sun yi daidai. Mai barci ba ya iya wannan, mai minshari kuma kansa motsi yake yi. Saboda haka duk wanda ya san ba ya iya kwanciya rigingine na tsawon sa'a ɗaya ko biyu, ko don ciwon baya, ko asma, ko ciwon zuciya, ko tari mai naci, wajibi ne ya faɗa tun a ranar ganin likita, kada ya bari sai an rufe masa fuska da ƙyalle. Tari da yunƙuri suna cika jijiyoyin fuska da jini nan take, kuma a irin wannan lokaci ne jijiyar da aka riga aka tsayar take sake ɓallewa.

Bayan an koma gida ne aikin mara lafiya da masu jinyarsa yake farawa, kuma a nan ne na fi son a tsaya a fahimci dalili, domin wanda ya san dalilin doka ya fi riƙe ta da dare lokacin da babu mai ganinsa. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, kuma naman da ke ƙarƙashinta sako-sako ne, yana shan ruwa kamar soso. Kowa ya san yadda idanu ke wayar gari a kumbure bayan an kwana ana kuka, su kuma sace kafin azahar. Abin da ya faru shi ne, a kwance kai da zuciya suna tsayi ɗaya, ruwan da ke tsatsowa daga jijiyoyi ya rasa gangaren da zai bi, sai ya taru a inda nama ya fi laushi. To, a ƙara wa wannan rauni sabo, da ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwa zuwa gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi waɗanda wuƙa ta yanke, sai a gane abin da ya sa kumburin yake hauhawa har ya kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku. Idan kai yana sama da zuciya, an ba ruwan nan gangare. Kumburin da ya yi yawa yana jan ɗinki, yana ƙara zafi, yana hana ido buɗewa da rufuwa yadda ya kamata, kuma yana jinkirta ranar da za a ga ainihin siffar ninkin.

Likitoci sukan ce a ɗaga kai da kusurwar digiri 30 zuwa 45, amma wannan lissafi ba ya gaya wa mai jinya komai a ɗakin haya. Ma'anar digiri 30 a aikace ita ce, kai ya tashi daga shimfiɗa da kusan rabin tsawon da ke tsakanin ƙugu da kai, wato wajen santimita 40 ga babban mutum. Kuskuren da na gani da idona a daren farko a Nima shi ne tara matasai uku a ƙarƙashin ƙeya kaɗai, baya yana shimfiɗe, haɓa ta dangwali ƙirji. Wannan yana lanƙwashe wuya, ya matse jijiyoyin da ke sauko da jini daga kai, ya jawo minshari da ciwon wuya, kuma kafin tsakar dare mai shi zai zame ko ya juya don neman sauƙi. Abin da ake so shi ne kishingiɗa, tudun ya faro daga tsakiyar baya ya hau har kafaɗu da kai a layi ɗaya. Mai gado zai iya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai. Mai katifa a ƙasa zai iya cusa naɗaɗɗen bargo ko jakar tufafi a ƙarƙashin katifar kanta, ta jingina da bango, wanda ya fi ɗora matasai a samanta domin su zamewa suke yi. Matashi ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi yana hana jiki sulalewa ƙasa, yana kuma sauƙaƙa wa ƙugu. Zannuwa biyu da aka naɗe aka ajiye a gefen kunnuwa, ko ɗan matashin wuya irin na matafiya, suna tunatar da kai idan ya so juyawa. Wanda ke da kujerar falo mai kwantawa baya, kwana uku na farko a kanta ya fi masa.

Idan mutum ya kwana a gefe ɗaya, idon da ke ƙasa ne ke karɓar ruwan, sai a wayi gari ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ninkinsa ya fi kauri, hankali ya tashi a ce likita ya karkace. Mafi yawan lokuta wannan bambanci yana sacewa bayan an yi 'yan sa'o'i a zaune. Haɗarin da ya fi wannan shi ne gogayya, domin fuskar da ke kan matashi tana murzawa, kuma murza tana iya buɗe bakin rauni ko ta sassauta ƙullin zare, ga kuma gumi da dauɗar rigar matashi a kan ɗinki. Rub da ciki ya haɗa duka illolin, kai a ƙasa, nauyi a kan ido, shi ya sa babu likitan da ke sassauci a kansa. Duk da haka, ina ganin masu tsoratar da mutane suna wuce gona da iri. Wanda ya farka ya tsinci kansa a gefe sau ɗaya bai rushe aikinsa ba. Ya gyara kwanciya, ya duba ko akwai jini, ya koma barci. Wanda ya ƙi runtsawa dare uku don tsoron juyawa ya fi cutar da kansa, saboda rashin barci da fargaba suna tayar da hawan jini, hawan jini kuma shi ne babban abokin gābar rauni sabo. Dabarar da ta fi ita ce a fara gwada wannan kwanciya kwana huɗu ko biyar kafin ranar tiyata, jiki ya saba tun babu ɗinki.

Tsawon lokacin ya danganta da irin aikin. Dare uku na farko babu wasa a cikinsu. Ana cire zaren waje a rana ta 5 zuwa ta 7, kuma kusan kowane likita yana so a ci gaba da kishingiɗa har zuwa lokacin, da yawansu kuma suna cewa mako biyu, musamman bayan cikakken yanka. Maganar wanda ya yi aikin da hannunsa ita ce gaba da duk abin da aka karanta a waya.

Damuwar gwaggona ta addini ce, kuma ba abin rainawa ba ce. Kwanciya a gefen dama sunna ce tabbatacciya, ta zo a hadisin Bara'u ɗan Azib, amma ba farilla ba ce, kuma rashin lafiya uzuri ne sananne. Malamin unguwarsu ya gaya mata ta yi addu'o'inta na barci a kishingiɗe, Allah ya san niyyarta. Abin da takardun asibitin Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ba za su taɓa ambata ba shi ne sujada, wadda ke kai goshi ƙasa da zuciya sau da dama a yini, har mutum ya ji jini yana bugawa a bayan idanunsa. A kwanakin farko wannan daidai yake da abin da likita ya hana, kuma shari'a ta riga ta buɗe ƙofa a hadisin Imrana ɗan Husaini, inda aka ce a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba ya yi a zaune, wanda bai iya ba ya yi a kwance. Mai sabon ɗinki zai iya yin ruku'u da sujada da nuni har likita ya sake shi. Alwala ma a tambayi likita ranar da ruwa zai iya taɓa wurin, a tambayi malam hukuncin shafa kafin wannan rana. Haka nan sauran sunkuyon da matan Zango ke yi ba tare da sun lissafa shi ba: shara da guntuwar tsintsiya, wanki a baho, fifita wutar gawayi, daka, ɗora galan na ruwa a ka. Duk waɗannan a bar wa wasu na mako ɗaya zuwa biyu.

Ɗakin kwana a gidan haya na Nima ko Mamobi, ko Aboabo a Kumasi, yana da nasa matsalolin. Yaron da ke kwana kusa da uwarsa yana iya kai mata hannu ko ƙafa a fuska cikin barci, saboda haka a raba shimfiɗa na ɗan lokaci, mai shayarwa kuma ta shayar a zaune. Gidan sauro a ɗaure shi da kyau kada ya sauko ya taɓa fuskar da aka ɗaga, kuma ya fi maganin sauro na hayaƙi, wanda ke sa ido ƙaiƙayi har hannu ya kai kansa. Ga sanyaya wuri, ledar ruwan sha mai sanyi da aka naɗe a tsabtataccen ƙyalle ta wadatar, a ɗora ta a hankali minti 10 zuwa 15 a kwana biyu na farko, ba tare da dannawa ba, kuma kada a yi barci da ita a fuska ko a ɗora ƙanƙara tsirara a kan fatar da allura ta kashe wa ji. Abinci mai gishiri da yawa da daddare yana ƙara kumburin safe.

Fanka tana buƙatar magana ta musamman. A kwanakin farko kumburi yakan hana fatar ido rufuwa ruf, sai mutum ya yi barci da ɗan tsagi a buɗe bai sani ba, iska ta busar da baƙin ido, ya farka yana jin kamar an zuba masa yashi. Wanda ya kwanta rigingine a ƙarƙashin fankar sama ya miƙa idonsa ga iskar kai tsaye, abin kuma ya fi tsanani a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar ta bushe ga ƙura. Mai jinya ya leƙa da ɗan haske ya ga ko idon a rufe yake, a sa man idon da likita ya rubuta kafin barci, a juya fanka ta kalli bango ko a janye shimfiɗa daga ƙarƙashinta. Kwalli da tozali su jira izinin likita, kuma kada a yarda da mai cewa a ɗiga nono ko zuma ko ruwan gishiri.

Akwai abu guda da duk mai kwana kusa da wanda aka yi wa wannan aiki ya wajaba ya sani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma jini yana iya ɓallewa ya taru a bayan ƙwayar ido, galibi a cikin sa'o'i 24 na farko, ya matse jijiyar gani, wadda ba ta jure rashin jini fiye da sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Alamominsa su ne ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa, yawanci a ido ɗaya, ido ya yi tauri ya turo waje, gani ya dushe ko ya rabu biyu, wani lokaci da tashin zuciya. Ciwon wannan aiki a al'ada kaɗan ne, farasitamol yana kashe shi, don haka ciwon da ya tayar da mutum daga barci ba na a jira asuba ba ne. A kira likitan nan take, a nufi asibiti mai sashen ido, kamar Korle Bu a nan Ankara ko Komfo Anokye a Kumasi, mara lafiya yana zaune a mota. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son a kwana shi kaɗai a daren farko, ba a son ƙwayar barcin da likita bai rubuta ba, kuma ba a son a sayo asfirin ko ibufurofen a kemis, domin suna hana jini daskarewa. Mai hawan jini ya sha maganinsa kamar yadda aka tsara masa.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, da ɗalibanmu da ke ƙasashen Asiya, wasu sukan yi sha'awar yin aikin fatar ido a can kafin su dawo. Zaman jirgi ba ya saɓa wa dokar ɗaga kai, amma iskar cikinsa busasshiya ce, tafiyar ta Adis Ababa ko Dubai doguwa ce, ga ɗaga manyan jakunkuna, ga nisa da likitan da ya san abin da ya ɗinka. A zauna har a cire zare a duba raunin. A kuma gaya wa likitan idan jikin mutum yana yin tabo mai tudu, ko da yake fatar ido ba ta cika yinsa ba, sannan a riƙa sa tabarau a rana, domin tabo a baƙar fata yakan ƙara duhu idan rana ta buge shi.

Kwanciyar jinin da ke kewaye ido takan washe cikin kwana 10 zuwa 14, amma ninkin yakan zauna a sama, da kauri, na tsawon makonni, sai a hankali yake saukowa ya yi laushi tsakanin wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye da haka bayan cikakken yanka. Gwaggona ta cika mako biyunta a kishingiɗe a jikin bango, likita ya duba ya sake ta, ta koma damarta a daren. Har yanzu idan ta tashi sallar asuba idon dama yakan ɗan fi na hagu nauyi, kafin hantsi kuma ya daidaita, kuma likitan ya ce haka zai riƙa yi na wasu makonni.